Godiya ga Masu Shagon Kifin Ado da Suka Ƙi Sayar Mini da Kifi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai shagon kifin ado da ke wajen Titin Gidan Zoo a Kano, tare da samarin nan biyu masu kula masa da tankuna.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan iyali suna lafiya, kasuwa kuma tana albarka. Na riga na yi muku godiya baki da baki, amma zuciyata ba ta gamsu ba. Yabon gwani ya zama dole, kuma na san akwai iyaye irina da 'ya'yansu ke damun su da zancen kifi a gida, shi ya sa na ga gara in rubuta a inda kowa zai karanta.

Alhaji, ban sani ba ko kana tuna ranar da na fara shigowa shagonka. Wata Asabar ce a farkon Nuwamba, ina riƙe da hannun autata mai shekara tara. Kafin nan mun riga mun yi asara. Na saya mata kifin gwal guda huɗu a cikin ƙwaryar gilashi a hannun wani mai talla a bakin titi, na cika da ruwan famfo, muka riƙa zuba musu abinci safe da rana da dare. Da ruwan ya yi duhu sai na kwashe su, na wanke ƙwaryar da sabulu tas, na sake sabon ruwa. A zatona tsafta nake yi musu. Kwana biyar suka fara taruwa a saman ruwa suna haki, baki buɗe, fukafukai a manne da jiki. Kafin kwana goma babu ko ɗaya. Yarinyar nan da hannunta ta binne na ƙarshen a gindin zogale, kuma kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin rai ne aka ba mu amana muka kasa riƙewa.

Na zo maka da kuɗina a aljihu, na ce a ba ni tanki da kifi goma yau ɗin nan. Ka saurari labarina har ƙarshe, sannan ka ce, "Malam, tanki zan sayar maka yau, da matatar ruwa, da tsakuwa. Kifi kuwa ba zan ba ka ba sai ruwanka ya nuna." Ban taɓa jin an ce ruwa yana nuna ba. Na ɗan ji haushi a lokacin, don na ga fuskar yarinya ta canja. Sai ka jawo mana benci, ka bar wasu masu ciniki ga yaranka, ka zauna kana yi mana bayani kusan rabin sa'a.

Abin da ka koya mini a kan bencin nan shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, don haka bari in maimaita shi yadda na fahimta. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya ta matsefin da yake numfashi da shi, kashinsa da ragowar abinci su ma in sun ruɓe amoniya suke zama. A kogi ko tafki ruwa mai yawa yana kwashe ta. A cikin gilashi kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta taru ta ƙona matsefin kifin, shi ya sa yake hawa sama yana haki ko da ruwan garau yake a ido. Maganinta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin soson matatar ruwa da tsakuwa. Kashi na farko suna juya amoniya ta koma naitirait. Ita ma naitirait guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Sai kashi na biyu su juya ta ta koma naitiret, wadda cutarwarta kaɗan ce, kuma ana rage ta da canja wani ɓangare na ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi yadda za su isa, kuma suna jinkirin yaɗuwa, shi ya sa akan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Ka ce da ni, abin da mutum zai fara kiwo a tanki su ne, kifi daga baya yake zuwa. A nan na gane cewa wankin sabulun da na yi da ruwan famfo mai kulorin ya kashe ɗan abin da ya fara taruwa, na mayar da kifayen nan farko ba tare da na sani ba.

Na yi maka musu da tarwaɗa. Na ce ai muna ganin ta a kasuwa cikin baho, ruwa kaɗan, ta wuni da ranta. Ka ce tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure abin da sauran kifaye ba sa jurewa, kuma duk da haka masu kiwonta a kwalbati ba sa wasa da canjin ruwa. Ina ganin wannan kwatanci da tarwaɗa shi ne yake yaudarar yawancinmu a nan, mu ɗauka kowane kifi haka yake.

Muka tafi gida da tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wato lita 54, jarka biyu da 'yan kai ke nan. Muka tafi da matatar soso da injin hura iska, da maganin kashe kulorin, da kwalaben gwajin ruwa. Akwai kuma abin da ban biya ko sisi a kansa ba. Babban yaronka ya zura hannu cikin wani tsohon tanki da kifayensa ke da lafiya, ya yanko ɗan soso baƙi ƙirin mai ƙamshin ƙasar damina, ya ƙulle shi a leda da ruwan tankin, ya ce kada in bari ya bushe kafin mu isa gida. Ya ce wannan shi ne irin, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara don ta yi kindirmo. Da wannan misalin uwargidana ta fahimci maganar gaba ɗaya.

Daga nan aikin ya koma hannun yarinya. Kullum da safe kafin ta tafi makaranta takan tsunkuli abincin kifi kaɗan ta zuba a tankin da babu kifi, don ya ruɓe ya ba ƙwayoyin abin ci. Bayan kwana biyu biyu muna ɗiban ruwa mililita biyar a 'yar kwalba, mu ɗiga magani, mu girgiza, mu jira minti biyar, sannan mu ɗora kwalbar a jikin katin launuka kusa da taga inda haske yake. Ta ware littafi guda, tana shafa launin kowace rana da fensirin kala. Makon farko kwalbar amoniya ta tashi daga rawaya ta koma kore. Ruwan ma ya yi fari kamar an ɗiga masa koko. Na kira ku hankali a tashe, ƙaramin yaronka ya ce in bar shi, wasu ƙwayoyi ne na daban suka yi yawa kuma zai washe da kansa. Kwana uku kuwa ya washe. A mako na biyu koren ya fara ja da baya, kwalbar naitirait kuma ta bar shuɗi ta koma shunayya mai duhu.

A nan abin ya tsaya cak. Kwana bakwai shunayyar nan ba ta motsa ba. Na ɗauki ruwa a gora na kawo muku. Ba ku ce in sayi wani magani ba. Tambaya ɗaya Alhaji ya yi: a ina tankin yake ajiye? Na ce a falo kusa da taga. Ya ce hunturu ya shigo, ruwan yana yin sanyi da dare, su kuma ƙwayoyin nan sun fi aiki in ruwa yana tsakanin digiri 25 zuwa 30. Ya ƙara da cewa kashi na biyun dama sun fi na farkon jinkiri. Muka sa ƙaramar hita, muka rufe tagar da dare. Ban manta ba kuma daren da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, na kira wajen ƙarfe goma ina jin nauyi, aka ɗaga ba tare da ƙorafi ba. Aka ce ƙwayoyin suna buƙatar iska kamar yadda kifi yake buƙata, in riƙa ɗiban ruwan da kofi ina kwararo shi daga sama lokaci lokaci. Washegari na zo na sayi injin iska mai batir, wanda nake ganin duk mai tanki a garin nan ya kamata ya mallaka kafin ya sayi kifi ko ɗaya.

Babban ɗana da ke karatun aikin gona ya zo hutu ya tarar da mu muna wannan hidima. Ya duba littafin ƙanwarsa ya ce ai wannan darasinsu ne. Dangin waɗannan ƙwayoyi, Nitrosomonas da sauransu, suna cikin masu juya takin yuriya a ƙasar gona har ya zama abin da saiwar masara ke sha, kuma wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya fara ware su a wajajen 1890. Tun daga ranar ruwan da muke cirewa daga tanki ba ya zuwa kwata, gindin zogale da tukwanen furanni yake tafiya.

Rana ta 26 yarinya ta shigo ɗakina da gudu bayan sallar asuba da kwalabe uku a hannu. Ta amoniya rawaya, ta naitirait shuɗi garau, ta naitiret ruwan goro. Mun ci gaba da zuba abinci muna gwadawa har kwana uku kamar yadda kuka ce, launukan ba su canja ba. Muka canja rabin ruwan, muka zo shago da gora da littafi. Alhaji, ka karɓi littafin nan ka buɗe shafi bayan shafi kamar mai duba takardar jarrabawa, ka sake gwada ruwan da kanka, sannan ka dube ta ka ce, "'Yata, ruwanki ya nuna. Je ki zaɓa." Na ga yadda ta miƙe kafaɗa. Wannan girmamawa da ka yi wa aikin yarinya ƙarama ba zan manta da ita ba.

Ko a zaɓen ma ba ku sake mu ba. Ta nuna kifin gwal, ka ce a'a, yana girma ya wuce santimita 20, yana yawan kashi, ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, tankinmu ya yi masa kaɗan. Ta nuna wani mai jan ciki da ake kira kiribensis, ka gaya mata asalinsa daga kogunan kudancin Nijeriya da Kamaru ne, amma yakan yi faɗa in zai yi ƙwai, a bari sai mun yi babban tanki. Muka tashi da gufi guda shida kacal, ƙananan nan masu wutsiya kamar mahuci, maimakon goman da na zo nema tun farko. Dalilin da ka bayar shi ne ƙwayoyin suna yawa ne daidai da abincin da suke samu, in an tula kifi lokaci guda amoniya za ta fi ƙarfinsu. Ka sa muka ɗora ledar a saman ruwan tanki minti ashirin kafin mu sake su, don zafin ruwan biyu ya daidaita.

Yau wata uku ke nan, shidan nan duk suna nan. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, iya abin da za su cinye cikin minti biyu. Kowace Asabar muna cire kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa mu mayar da wanda aka sa wa maganin kulorin. Soso kuwa a cikin ruwan da muka ciro daga tanki muke matse shi a hankali, ba ya kusantar famfo, sabulu kuma ya yi nesa da duk kayan kifi. Naitiret ba ta wuce miligiram 20 a lita ba tun da muka fara.

Na yi ciniki a wurare da yawa a garin nan, kuma na san abin da ake nufi da ɗan kasuwa ya ga kuɗi a hannun mai saye ya ce masa ya dawo bayan wata guda. Da ka ba ni kifin nan a ranar farko, da sun mutu, da wataƙila na dawo na sake saye, ribarka ta ninku. Ka zaɓi ka tsare ran dabba, ka kuma tsare zuciyar yarinya. Allah Ya saka maka da alheri, Ya yi wa dukiyarka da zuri'arka albarka. Samarin nan biyu kuma Allah Ya ba su nasu shagunan, Ya sa su riƙe tarbiyyar da suka samu a hannunka.

In Allah Ya kai mu Asabar za mu shigo. Ɗaya daga cikin matan gufin ta haihu shekaranjiya, mun ƙirga 'ya'ya goma sha ɗaya suna ɓuya a cikin ganye, yarinya kuma tana son ta ji yadda za ta raba su da manyan kafin a cinye su. Ni ma ina da tambaya a kan bazara, tunda ka ce amoniya ta fi cutarwa in ruwa ya yi zafi, ga Afrilu yana ƙaratowa.

Wassalam.

Naku,
Mahaifin yarinya mai littafin launuka, Kano.