Sanarwa: Aikin Dakta Janet Rowley kan sankarar jini

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan makon za mu tattauna aikin Dakta Janet Rowley, wadda ta yi aiki a Jami'ar Shikago a Amurka. Tun 1960 masana suka ga wani gajeren kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta) a jikin masu sankarar jini nau'in CML, amma aka rasa dalilinsa. Ita ce a 1973 ta gano cewa kuromosom na 22 da na 9 ne suka yi musanyar guntaye. Wannan binciken ne ya share fagen maganin imatinib da aka amince da shi a 2001, wanda ya ƙara wa marasa lafiya shekaru masu yawa. Wallahi ta cancanci mu san ta sosai. Masu tambaya su turo kafin Juma'a.