A Ajiye Mana Bodin Katako Ko Guda Ɗaya a Gidan Tarihi na Jos

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Na bi ta wani fili a gefen Titin Bauchi, nan Jos, inda masu sayen tsofaffin ƙarafa ke sana'arsu, sai na tarar da samari uku sun sa wata tsohuwar babbar mota Mercedes 911 a gaba suna daddatsa ta da wutar walda. Sun riga sun cire ƙofofi. Katakon bodin ma sun ɓaɓɓalle shi sun tara a gefe, wai wani mai shayi zai zo ya saya ya hura wuta. A jikin wani falle na hango rabin kan zaki, ƙarƙashinsa ga ragowar rubutu da jan fenti: "ga mai rabo taki". Kalmar "hassada" ta tafi da wani fallen. Ban ga laifin yaran ba, abincinsu suke nema, a kilo suke saye a kilo suke sayarwa. Amma wallahi na daɗe a tsaye, har ɗayansu ya ce, "Baba, lafiya dai?" Na ce masa lafiya lau, na wuce.

Na shiga harkar mota a 1971, ina ɗan shekara 15, a matsayin karen mota. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, Bedford yake ja, ƙirar Ingila, mai bodin katako da sitiyari a hannun dama. Abin da aka fara danƙa mini shi ne weji, wani guntun icce mai kai uku da hannu a jikinsa. Duk inda mota ta tsaya a hawa, kafin maigida ya buɗe baki na dira na cusa shi bayan taya. Idan ta yunƙura kuma in zare shi in bi ta a guje in ɗafe. Wata shida ban taɓa sitiyari ba sai da tsumman gogewa. Wanda ya san sanyin Jos na Disamba da Janairu ya san abin da asuba take nufi: yatsu sun ƙandare, baƙin mai ya yi kauri, batir ya yi sanyi, ka zura ƙarfen tayarwa ta hancin mota kana murzawa har ta yi tari sau biyu ta kama. Ranar 2 ga Afrilu 1972 da aka yi canjin hannu, aka koma tuƙi ta dama, ina cikin motar. Tun da direba ya koma can gefen daji ba ya hango abin da ke tahowa, ni na zama idonsa. In zai wuce wata mota sai in leƙa ta tagar hagu in ce, "Oga, da hanya," ko "Oga, dakata." Rayukan mutum talatin na rataye a bakin yaro, kuma maigida ya yarda da ni. Daga nan na fara jin ni ma mutum ne a tasha.

Abin da 'yan yanzu ba su sani ba, motar wancan zamani ba a gama take zuwa ba. Kai da inji da ƙashin baya kawai ake sayowa. Sauran aiki namu ne. Mai mota zai je ya zaɓi katako mai ƙwari irin su maɗaci, ya kai wa kafinta, su zauna su yi shawara: tsawon bodi, wurin tsani, akwatin kayan aiki, 'yar rumfar da ke saman kai inda muke ajiye tamfol da buta da tabarmar salla. Kafinta ya gama, mai fenti ya karɓa. A nan ne mota ke samun fuskarta. Wani ya ce a zana masa ɗawisu, wani mikiya ta cafko maciji, wani masallaci da dabino, wanda ya sauke farali kuma ya sa a zana jirgin sama. Sai rubutu, wanda shi ne sunan da za ta amsa har ta mutu. Ba wanda ke haddace lambar mota. Cewa ake yi "Duniya Labari ta iso?" ko "Mahaƙurci Mawadaci ta tashi tun hantsi." Kowane rubutu kuwa da dalilinsa. Ka ga an rubuta "Ta Allah Ba Taku Ba", to ka tabbata mai motar ya sha baƙar magana kafin ya mallake ta.

Har kukansu daban-daban ne. Kowane direba da irin kiɗan da yake yi da ham. Mahaifiyata tana cikin gida a Gangare take gane mun shigo gari, ta ɗora ruwan zafi kafin in ƙaraso.

A 1979 na samu tawa ragamar, Marsandi 911 ta wani attajiri, mai guntun hanci a zagaye kamar goshin sa. Lambar nan ba ado ba ce, tana nufin nauyin tan 9 da ƙarfin doki 110, ko da yake Allah ne kaɗai Ya san abin da muka riƙa ɗora mata. Dankalin Turawa daga Bokkos, masara daga Mangu, kabeji da karas da tumatir daga Farin Gada, mu gangara Kudu, mu juyo da manja da garin rogo da goro. Hanyar kuwa dole ta Hawan Kibo. Maigidana ya koya mini abu ɗaya game da wurin nan wanda ban taɓa saɓawa ba: giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Tun daga sama kake sa babbar giya, wato giyar ƙasa mai jan nauyi, ka bar inji ya riƙe kaya, birki sai dai ka riƙa taɓa shi kaɗan-kaɗan. In ka ji warin ƙauri, ka nemi gefe ka tsaya ya huce. Motar tana yi maka magana. Ta sitiyari, ta tafin ƙafa, ta kujera, duk kana jin ta. Ƙara ta canza kaɗan, ka san sifirin ne ko ƙusa ce ta saki.

In ta lalace a daji kuma ba ka jiran kowa. Iska ta shiga bututun man gas, ka sassauta noti ka yi ta famfo har kumfa ta ƙare. Tanki ya tsage, ka kwaɓa sabulu ka liƙe. Lagireto na yoyo, ka zuba garin barkono ya kai ka gari. Da sufana huɗu da guduma da waya mun sha fitar da kanmu daga inda ko kare ba ya wucewa.

Ba ina cewa komai na da alheri ne ba, Malam Edita. Na binne abokai. Mutane da buhuna da awaki a wuri ɗaya muke lodawa, in mota ta kife katakon nan kansa ke zama makami. Hayaƙi ya cinye ƙirjin da yawa daga cikinmu, sitiyarin kuwa sai ka sa kafaɗa, har yau tawa ta dama ba ta ɗaguwa sosai. Ɗana na uku yanzu tirela yake ja, sabuwa fil, tana ɗaukar buhun siminti 600, tan 30 ke nan. Na shiga na zauna. Sitiyari da yatsa ɗaya, ga na'urar sanyi, ga gado a baya, ga birkin iska mai kama ƙasa. Na yi masa murna har cikin zuciyata, don ba na so ya sha irin wuyar da na sha.

Sai dai bara motar ta mutu masa kusa da Akwanga, wata fitila ta kunnu a gabansa, inji ya ƙi tashi. Ya kira ni cikin dare ya ce, "Baba, ya zan yi?" Na yi masa duk tambayoyin da na sani, mai na zuwa, batir lafiya, babu abin da ya tsinke. Shekara talatin da wani abu ina kan titi, ranar nan ban da abin da zan ba ɗana sai addu'a. Kwana biyu ya yi a gefen hanya yana jiran mai kwamfuta ya taso daga Abuja. Da ya zo, wani ɗan abu ne da bai kai kan babban yatsa ba aka canza. Wannan ya dame ni ƙwarai. Direba ya zama baƙo a cikin motar da yake kwana a ciki. Tirela hamsin za ka gani a jere, fenti ɗaya, ham ɗaya, lamba a ƙofa, wata na'ura kuma tana kai rahoton duk inda ya tsaya. Ko "Allah Ya kiyaye" ba shi da ikon rubutawa a bayanta.

Akwai ma lokacin da a ƙasar nan ake harhaɗa manyan motoci ta ko'ina: Steyr a Bauchi, nan maƙwabtanmu, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu. Ita Bedford tuni aka daina ƙera ta a Ingila. Waɗanda suka rage a hannunmu su ke nan, in an yanka ɗaya ba wata a bayanta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana ajiye da kawunan ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957. Na kai jikokina sun gani, sun taɓa da hannunsu, sun yi ta tambaya. To motar da ta ɗauki abincin Filato ta kai Kudu da Arewa shekara da shekaru, ita ma ta cancanci inuwa a wurin. Ina kira ga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, da Gwamnatin Jihar Filato, da ƙungiyoyinmu, NURTW ta direbobi da NARTO ta masu motocin sufuri, su haɗa hannu a sayi Bedford ɗaya da 911 ɗaya kafin masu walda su riga mu.  Har yanzu akwai tsofaffin kafintocin bodi da masu zane a garin nan, wasu ido ya fara rauni, amma hannu bai manta ba. A kira su su gyara da kansu, a ɗauki maganarsu a ajiye, a sa yara su tsaya su ga yadda ake fitar da gashin zaki da burushi.

Ni dai wejin nan na farko yana ƙarƙashin gadona, hannunsa ya yi sumul saboda riƙo. Ranar da aka kawo motar, da kaina zan kai shi in sa mata a bayan taya.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon direba,
Gangare, Jos.