Baƙonku bai san zafin tono tsohon zance ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Laraba nake juya maganar baƙon nan da kuka gayyato shirinku na rediyo, har yau ta ƙi kwanta mini. Wai wanda ba shi da kashi a gindi ba ya tsoron a rubuta sunansa a Google, wai rashin mantuwar intanet rahama ce ga al'umma. Yana faɗa yana dariya, mai gabatarwa yana taya shi. A lokacin ƙanena yana kusa da ni a kan tabarma, tare muke sauraro. Ya miƙe ya shige ɗaki bai ce uffan ba, tuwonsa ma a nan ya bar shi.

Ƙanen nan nawa mai gyaran waya ne. Shekara tara ke nan wani ya kawo masa waya gyara, ashe ta sata ce. Jami'an tsaro suka zo suka kwashe shi tare da wasu samari, washegari aka yi holinsu a gaban 'yan jarida, zaune a ƙasa, ba riga, an jera wayoyi a gabansu. Aka buga hotonsa da cikakken sunansa har da unguwarmu. Bayan wata uku alƙali ya sallame shi, ya ce ba shi da hannu. Ranar babu ɗan jarida ko ɗaya a kotun. Takardar sallamar tana cikin akwatin mahaifiyarmu, ta naɗe ta a leda saboda gara. Hoton kuwa yana cikin aljihun duk mai waya.

Bara ya nemi aure. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, mun fara haɗa lefe. Sai wan yarinyar ya rubuta sunansa a waya, abin da ya fara fitowa shi ne wancan hoton. Da kaina na ɗauki takardar kotu na kai wa baffanta. Dattijo ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har hatimi, ya ninke ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce: "Malam, ni na yarda da kai. To amma gida-gida zan bi dangi ina nuna musu takarda?" Kwana biyu aka dawo mana da kuɗinmu. Ban ga laifin dattijon ba, 'yarsa yake karewa.

Kuma abin ba ya tsayawa nan. Duk lokacin da ƙwacen waya ya yi ƙamari a gari, sai wani ya je ya zaƙulo hoton nan ya sake watsa shi a Facebook da WhatsApp, babu kwanan wata, kamar jiya aka yi kamen. Mutane su yi ta tsinuwa, wasu na cewa a kashe su. Sau uku ke nan ana fama mana wannan gyambo. Na ƙarshe har almajirinsa na shago uban ya zo ya ɗauke.

Baƙonku ya ce ai ko a da ana ajiye jaridu. Gaskiya ne ana ajiyewa. Tun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma mai neman tsofaffin takardu yana iya zuwa Kaduna, gidan adana kayan tarihi na ƙasa ko Arewa House, ya zauna ya yi ta buɗe shafi cikin ƙura. Amma wanda zai yi wannan tafiya yana da dalili, ɗalibi ne ko marubuci ko lauya. Sauran jaridun kuwa mai tsire da mai ƙosai ke naɗe kaya da su, kafin mako ya zagayo zance ya mutu, mutum ya samu ya gyara rayuwarsa. Yanzu yaro ɗan shekara goma sha biyar yana kwance a kan katifa zai tono abin da ya same ka tun yana shan nono.

Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin da kuka gabatar a matsayin masani bai ko ambaci cewa wasu ƙasashe sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan ba. A Sifaniya akwai wani mutum, Mario Costeja González, da jaridar La Vanguardia ta buga sanarwar gwanjon gidansa a 1998 saboda bashi. An daɗe da kashe maganar bashin, amma duk wanda ya nemi sunansa, gwanjon nan ne ke tarbarsa. Ya kai ƙara, a ranar 13 ga Mayu, 2014 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Ba a tilasta wa jaridar ta goge abin da ta buga ba, Google aka ce ya daina haɗa sunan mutumin da labarin. Iyakar abin da nake nema wa ƙanena ke nan. A bar tarihi a rumbunsa, a cire masa ƙararrawar da aka rataya masa a wuya. Kotun kuma ta bambanta talaka da mai riƙe da amanar jama'a, don haka kada wani ya ce ina so a ɓoye alƙawuran da gwamna ya yi lokacin neman ƙuri'a. Waɗannan a tono su kullum, ni ma zan taya tono.

Mu ma nan gida an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, an kafa mata hukuma, kuma a cikinta akwai 'yancin mutum ya nemi a goge bayanansa. Awa guda kuka yi kuna shiri, ba wanda ya gaya wa talaka ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tsarin mulki ma, a sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Ku kanku 'yan jarida da sauri kuke kawo labarin kame, labarin sallama kuwa ba ya samun ko minti ɗaya. Mu da muka taso ana karanta mana cewa wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri Allah zai rufa masa nasa, yau a gidan rediyonmu ake yabon tonon silili.

Tun da na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shiri ya wuce gona da iri. Mutum na zaune da 'ya'yansa mata bayan sallar isha'i, sai a fara zayyano abin da ko a ɗaki ba a faɗa da ƙarfi, dole ka yi wuf ka rage murya. In kuɗin talla ne, ku mayar da shi tsakar dare.

Ina roƙon ku sake gayyato baƙon nan, ku haɗa shi da lauyan da ya san dokar 2023, ku buɗe layi. Ranar Laraba sau shida na kira ba a ɗauka ba. In kun shirya zan zo da kaina da takardar kotun, in dai Inna ta yarda ta ba ni mabuɗin akwatin.

Wassalam.

Mai sauraronku na kullum, daga Kano.