Ka fara ba su sirinji kafin ka hau allo

Salamu alaikum mutumina, ya aiki ya iyali? Kwana biyu shiru, da fatan kowa lafiya.

Na ga saƙonka kana cewa ɗalibanka sun haddace dokokin iskar gas tsaf amma da an ɗan juya tambaya sai su tsaya cak, wallahi abin ya dame ni don nima na sha fama da haka, shi yasa nace bari in rubuto maka yadda nake yi yanzu.

Kafin in taɓa alli sirinji nake raba musu, wanda ba allura a jiki. Yaro ya ja iska har layin 20, ya toshe bakin da yatsa ya danna sai ya kai 10, zai ji abin yana turo shi baya da ƙarfi, yana saki kuma ya koma inda yake. To a nan nake ce musu iskar ba ta ragu ba, ɗakinta aka raba biyu, shi yasa ƙwayoyinta ke dukan bango ninki biyu, matsi ya ninka. Dokar Boyle kenan ta 1662, wuri ya ragu matsi ya ƙaru muddin zafin bai canja ba. Amma su danna a hankali fa, saurin dannawa yana ɗan ɗumama iskar.

Dokar Charles, wato zafi ya ƙaru iska ta ƙara girma muddin matsi bai canja ba, ba wuya, kwalba ce da balan-balan a bakinta, a tsoma a ruwan zafi ya kumbura, a mayar ruwan ƙanƙara ya saki.

Inda nake roƙonka ka dage shine lissafin. Wata ɗalibata tace in zafi ya tashi daga digiri 20 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos ai girman iskar ninkawa zai yi, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan, ma'aunin ne ya ruɗe ta, don sifilin Salshiyos inda ruwa ke daskarewa ne kawai, ƙwayoyin iska na nan na ta kai komo. Nace ta ƙara 273 a kowanne ta koma Kelbin, ma'aunin da sifilinsa ke can ƙarshen sanyi, ta samu 293 da 313, ƙarin bai ma kai kashi 7 cikin 100 ba. Ta yi shiru tana kallon takardar, can tace ashe sai zafin ya kai 586 a Kelbin kafin ya ninka. Ranar na ji daɗi ƙwarai.

Ka gwada a ajinka ka faɗa min yadda ta kaya. A gaida min mutanen gida.

Naka abokinka.