Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiyarmu Masu Jiragen Inji Na Gaɓar Yawuri

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, direbobi, makanikai da yaran jirgi, ga bayanin abin da shugabanninku suka yi a shekarar da ta wuce.

Tarurrukan wata-wata sun gudana, sai dai na tsakiyar damina da cikar ruwa ta hana 'yan uwanmu na gungu da na ɓangaren Ngaski isowa. An ci gaba da wa'azin rage lodi, sanya rigar ruwa da barin tafiyar dare, kamar yadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ke nanatawa. Ba mu manta da hatsarin Warra na watan Mayun 2021 ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Inda muka fi kashe ƙarfi a shekarar shi ne layin mai, wato daga tanki zuwa inji. Makanikanmu sun daɗe suna cewa yawancin injin da ke mutuwa a tsakiyar kogin Neja lafiyarsa lau, mai ne ba ya isa kafireto, wato inda mai ke gauraya da iska a inji. Da muka zagaya bakin ruwa a ranakun kasuwa, sai muka ga gaskiyarsu. Wani ya ɗaure tiyo da robar tayar keke. Wani ya sa farin tiyon ruwa, wanda fetur da rana ke busarwa har ya tsage. Da yawa kuma, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sun koma tsoma tiyo kai-tsaye cikin jarkar da suka sayo mai da ita, baki buɗe, ga fasinja da risho a gefe.

Saboda haka muka shirya bita. Abin da aka fi jaddadawa shi ne mahaɗin da ake maƙalawa a jikin tanki da na jikin inji. Na Yamaha daban, na Suzuki daban, na Tohatsu daban. In aka sa na wani a jikin wani, ko an tura da ƙarfi ya shiga, ba zai kama ba. A cikinsa akwai ɗan zoben roba. Idan ya cinye, ba lallai ka ga mai na ɗiga ba, iska ce inji zai riƙa zuƙa, mai ya yi ƙaranci, inji ya ɗau zafi, wata rana fistin ya kama. Zoben da bai kai kuɗin ƙosai ba ya ja maka gyaran inji mai ƙarfin doki 40.

Sai famfon roba da ake matsawa da hannu: kibiyar jikinsa ta kalli inji, a matsa har ya yi tauri. In ya ƙi tauri, akwai inda iska ke shiga. In kuwa ya lotse ana cikin tafiya, a fara duba ɗan kusan shan iska na murfin tanki, galibi mantawa aka yi ba a sassauta shi ba. Tiyo kuma ya dace da bakin mahaɗi, mai milimita 6 ko mai 8, a ɗaure da kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa. An kuma tunatar da gaurin baƙin mai na 50 da 1, wato rabin lita a lita 25 ta fetur.

Daga kuɗin asusu mun sayo mahaɗai, famfuna da tiyon mai a sari, ana ba mamba a kan farashin da aka sayo. Kashin farko an samu jabu a ciki, an mayar wa dillalin, har yanzu muna bin sa cikon kuɗi.

Masu jarka ba su daina ba, uzurinsu tsadar tanki. Kwamiti na ba da shawarar a buɗe adashin sayen tanki, kuma duk jirgin fasinja ya riƙa ajiye cikakken layin mai na ko-ta-kwana. Za a kaɗa ƙuri'a a kai a taro mai zuwa. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin ranar.

Sakatare, a madadin shugabanni