Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Tarin Yara Da Ciwon Haƙarƙari

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagatai da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu iyayen yara na wannan gunduma, maza da mata, mun kawo maka kukanmu tun hunturu bai kankama ba. Da zarar iska ta fara kaɗa ƙura, ga hayaƙin icce a ɗakuna, sai tari mai kaki ya kama yaranmu, har ana jin ƙirjin yana kurari. Uwa ta je kemis, a yanko mata ƙwaya huɗu daga kati gwargwadon kuɗinta. Tarin ya lafa kwana biyu, ya dawo. A wasu gidajen ma wanzami ake kira ya cire belu ko ya tsaga haƙarƙari. Yaro ya zubar da jini a banza, tarin yana nan.

Ma'aikatan lafiya sun fahimtar da mu cewa tarin da ya haura mako 2 sai an duba ko tarin fuka ne, kuma maganinsa kyauta ne. Sun nuna mana alamar nimoniya, wato ciwon haƙarƙari da ke kama huhu: jaririn wata 2 zuwa 11 ya yi numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya, ɗan shekara 1 zuwa 5 ya yi 40 ko fiye, ko ƙasan ƙirji ya riƙa lotsawa idan ya ja numfashi. A 2018 kaɗai, cutar ta kashe yara kusan 162,000 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya, a ƙididdigar UNICEF. Abin baƙin ciki, wani magani mai suna amoksisilin mai narkewa a ruwa yana maganinta idan an fara da wuri.

To amma ƙaramin asibitinmu sau da yawa babu shi. Babu na'urar da ake maƙala wa yaro a yatsa don auna iskar jini, balle iskar oksijin. Sai a ce mu tafi babban asibiti, da dare, a kan babur.

Muna roƙon ka kai maganar nan gaban Shugaban Ƙaramar Hukuma a samar da waɗannan abubuwa. Ka umurci masu unguwanni su ja kunnen masu kemis kan sayar da rabin magani, ka zauna da Sarkin Aska kan yaran da ke tari. Limamai kuma su tunatar da magidanta a huɗuba su bar mata su kai jarirai rigakafin nimoniya a mako 6, 10 da 14 da haihuwa.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara na gunduma.