A Nemi Magini Kafin a Kira Dillali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi tsokaci a kan wata magana da ke raba kan 'yan uwa a cikin birnin Kano duk sanda damina ta kankama, wato ko a gyara gidan gado ko a sayar da shi kowa ya kama gabansa.

Abin ya faru a gidanmu da ke Mandawari. A watan Agustan bara, bayan an kwana ana ruwa, bangon ɗakin mahaifiyarmu ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da mutum zai iya zura hannu a ciki. Kafin azahar dillalai biyu sun yi sallama a zaure. Yayanmu ya ce a sayar a raba, kowa ya nemi fili a Ɗanbare ko can wajen Janguza, ya yi ginin bulo ya huta da yaɓe. Kuma hujjarsa ba ta banza ba ce, domin mota ba ta shiga lungunmu, ranar da ciwo ya kama Hajiya cikin dare sai da muka ɗauko ta a hannu har bakin titi kafin muka samu abin hawa zuwa Asibitin Murtala.

Na roƙi arziki a dakata, na kira wani dattijon magini da ya gāji sana'ar. Ya ƙwanƙwasa bangon, muka ji yana amsawa kamar ganga, sannan ya ɓamɓare simintin da muka shafe shi da shi shekarun baya, sai ga ƙasar ciki jiƙe sharkaf. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ba tsufa ne ya ci gidan nan ba, simintinku ne." Ginin ƙasa yana shan danshi ya kuma fitar da shi idan rana ta fito, amma idan aka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta tsaga ko ta karyayyen indararo ba ya samun mafita, sai ya zauna yana narkar da tubali a ɓoye. Shi ya sa kakanninmu ke yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, kafin saukar ruwa, suna sa indararo mai tsawo, ba sa kuma barin kwata ta kwanta a gindin bango. Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ginin ƙasa ne, kulawa ce ta tsayar da shi.

Sai kuma lissafi, wanda galibi ba a yin sa sai kuɗi sun shiga aljihu. Gidan da aka raba wa magada bakwai da wuya rabon mutum ɗaya ya sayi fili ya kuma kai gini ga rufi, musamman tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Na san mutanen da suka sayar, yau suna haya, kangonsu na can ya tsaya a linta ciyawa ta cinye shi. Wanda ma ya kammala a filin awon igiya, wato wanda ba hukuma ce ta tsara shi ba, yakan tarar babu magudanar ruwa, ruwan sha sai daga 'yan garuwa, ga kuɗin mota kullum zuwa kasuwar Kwari ko ta Kurmi, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ban ma kawo maganar tsohuwar da za a raba da maƙwabtan da ta shekara hamsin tana gaisawa da su ta kan katanga ba.

Ba na cewa kowa ya zauna. Gidan da ya yi wa iyali kaɗan, har ana cusa 'yan mata da samari ɗaki ɗaya, tashi ya fi alheri. Sai dai mai tashi ya je ya ga filin da idonsa cikin damina, ya tantance takardunsa, ya kuma nemi izinin gini daga hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA.

Mu dai gyara muka zaɓa. An sauke simintin, an sake bangon da ya tsage, an sauya azara huɗu da gara ta ci, an fitar da kwata waje, Hajiya kuma ta koma ɗakinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da maginin ya yi yana wanke hannu, cewa cikin 'ya'yansa babu wanda ya yarda ya koyi aikin. Saboda haka nake kira ga masarauta da gwamnatin jiha su tallafa wa waɗannan dattawa su horar da matasa tun suna da ƙarfin hawa bango.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Mandawari, Kano.